Wace Fatimar?

Shafi na 23

Masu turo min saƙo wai na ɗaure wa Baiwa gindi, wai baƙin ciki kawai take wa 'yar uwarta, na ji ku. Ni ban taɓa cewa ba ta da kishi ba, tana da shi har ya yi mata yawa. Ku dai karanta na yau tukuna, sannan ku zo mu yi faɗan da hujja.

*

Tun da Firdausi ta dawo daga Sudan, Baiwa ba ta ƙara cin abinci ya yi mata daɗi ba. Kada ku ce ba ta yi murna ba. Ranar da aka ce yaƙi ya ɓarke a can ita ta fi kowa kuka, ranar da mota ta sauke Firdausi a tashar Batsari da jaka ɗaya da silifas ita ta fara rungume ta. Murnar ce dai ba ta yi ƙarko ba, kishi ya zo ya ture ta ya zauna daram.

To ina laifinta? Da sassafe matan unguwa za su yi sallama, su tarar da Baiwa tana wanke-wanke a bakin rariya, su tsallake ta suna tambayar ko Likita, wato Firdausi, ta tashi. Baiwar da ta shekara huɗu tana aiki a kemis ɗin bakin kasuwa, wadda ita ke auna musu jini, ita ke karanta musu rubutun asibiti, yau ta zama mai nuna hanyar ɗakin Likita. Ita kuwa Likita sai ta fito a naɗe cikin laffaya tana ƙamshin turaren wuta, ta taɓa goshin yaro ta ce "tamam" da Larabcin Sudan, mata su koma gida suna cewa hannunta ma daban ne. Gidan da tun da zaman ƙauyensu Yasore ya gagara aka dawo gari ake cin tuwo sau ɗaya, wata rana afafata, tsakin shinkafar nan mai araha, da manja, a wannan gidan Inna ke ɓoye ƙwai a cikin kwanon gero don a soya wa Firdausi, wai cikinta bai gama sabawa da abincin gida ba.

Abin da ya fi cin ran Baiwa shi ne tare suka taso, tabarma ɗaya, aji ɗaya. Firdausi ɗiyar marigayi Lado ce, ƙanen Baba Ɗanjummai mahaifin Baiwa, tana rarrafe ya rasu Baba ya ɗauko ta. Dukansu biyun sunan Kaka Tasalla aka sa musu, Fatimatuzzahra, kuma tunda ba mai iya kama sunan tsohuwar gatsau a gidan, sai aka ɓoye shi, wannan ta zama Baiwa, waccan ta zama Firdausi. A makaranta kuwa ba ruwan malamai, duk su biyun Fatima Ɗanjummai aka rubuta, ana rarrabe su da Babba da Ƙarama. Babbar, wato Baiwa, ita ke ɗaukar na ɗaya. Amma da sakamakon sakandare ya fito sai ga ƙasa ta kife, tata takardar duk faɗuwa, ta Firdausi kuwa fes, har gidauniyar wani attajiri ta ɗauki nauyinta zuwa karatun likita. Baiwa ta yi kukanta ta gaji, ta ce haka Allah ya rubuta, ta nemi aikin kemis.

Yanzu maganar da ake ita ce ta maido karatun Firdausi wata jami'a ta gida, ta ɗora daga inda yaƙi ya tsayar da ita. Kawunta Ya'u, malamin firamare a Safana, shi ke ta kai da kawo. Zuwansu jami'ar na ƙarshe Firdausi ta dawo ido a kumbure ta shige ɗaki, aka ce ciwon kai ne. Allah ya yafe wa Baiwa, amma ranar sai da ta ji wani sanyi a ranta, har ta ƙara tuwo.

Yau da hantsi ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ta san ba lafiya ba, don yadda man fetur ya zama ba wanda ke tasowa daga Safana don gaisuwa kawai. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da hanya da mutanen Safana, aka jajanta tsadar rayuwa. Sai Baba, yana kallon katanga kamar yadda ya saba in zai yi maganar 'yar farinsa, ya ce a kira waccan.

Ta zo ta durƙusa. Kawu Ya'u ya miƙo mata leda, sabulun wanka ne da man shafawa mai ƙamshi. Mutumin da ko goro bai taɓa ba ta ba. Ya shiga yabonta, wai duk dangi ba mai haƙurinta, ba mai hankalinta, wai ita ce uwar gidan nan bayan Inna. Baiwa ta ajiye ledar a gefe.

Da ya gama zagaye-zagayen sai ya zo kan magana. Ya ce jami'a ta karɓi Firdausi, har an yarda ta shiga aji uku, abu ɗaya ya rage. Sun ce sai sun tantance sakamakon sakandarenta a na'ura daga wajen hukumar jarrabawa. Da aka buɗe, suna ya yi daidai, maki ya yi daidai, sai hoto.

"Hoton naki ne, Baiwa," ya ce yana 'yar dariya. "Kin san sha'anin suna ɗaya. Tun a makaranta aka yi kuskure, aka manna naki a nata. Abin ba wuya. Za mu je kotu yanzu, ki yi alwala ki dafa Alƙur'ani, ki ce sakamakon na ƙanwarki ne, hoto aka musanya. Su ba mu takardar rantsuwa, shi ke nan, kafin azahar kin dawo."

Baiwa ta dubi mutanen gidan. Firdausi na zaune a bakin ƙofar ɗaki ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin laffaya. Inna na gindin murhu ta ba su baya.

"Kawu, to a tawa takardar hoton wa ke ciki?"

Ya ce ai nata ba a buɗe ba, ba shi ake nema ba.

"In an musanya, ke nan nata ne a tawa."

Ya ce to, watakila.

Ta tuna ranar. Shi wannan Kawun ne ya je ya ciro musu sakamakon, ya kawo a farar takarda, suna ne kawai da maki, ba hoto. Ya miƙa mata tata a gaban kowa. Idonta na sauka a kan faɗuwar kimistiri hawaye ya rufe ta, ko lambar jarrabawar ba ta duba ba. Wa zai duba lamba, ga sunanka ɓaro-ɓaro a sama? Ta cusa takardar a ƙarƙashin akwati, har yau ba ta ƙara buɗe ta ba don takaici.

Ba ta kai ga yin magana ba aka ji sandar Kaka Tasalla. Tsohuwar da kowa ya ɗauka barci take, ashe tana bayan labule tana saurare. Ta fito tana dogarawa, ta tsaya a kansu, ba ta ko amsa gaisuwar Ya'u ba.

"Da wane suna za a yi rantsuwar?" ta tambaya.

Ya'u ya ce ai da sunanta na makaranta, Fatima.

"To ba da sunana ba." Ta buga sandar a ƙasa. "Sunan ga ba raɗa min shi aka yi ina jinjira ba. Da girmana, da goyo a bayana, ranar da na karɓi kalmar shahada malam ya jera min sunaye na zaɓi wanga da bakina. Na ba ku aro kun sa wa ɗiyanku, ban ba ku don ku kai shi gaban alƙali a dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba."

Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, don Allah ta koma ɗaki. Wa ya ga Kaka da komawa! Ta ce ta yi shiru wancan karon don an ce rufin asiri ne, amma wannan wuta ce, kuma takwararta ake son turawa ciki. Ta juyo wajen Baiwa ta zayyane mata komai, tana yi tana nuna ɗanta da sanda.

Ta ce ranar a Yasore ne, Baiwa ta tafi kai abinci gona. Wani mutum ya zo a babur daga wajen masu gidauniya, ya tarar da Ɗanjummai a ƙofar gida cikin dattawa ana hira. Ya ce yana neman Fatima Ɗanjummai, wadda ta fi duk 'yan matan yankin cin jarrabawa, za a kai ta waje. Dattawa suka ce ai Fatima biyu ce a gidan, wace? Duk ido ya koma kan Ɗanjummai. Shi kuwa ga ɗiyar cikinsa, 'yar fari, wadda ko sunanta ba ya iya faɗa, ga kuma marainiyar ƙanensa. Ya buɗe baki a gaban mutane ya ce tawa ce? Kara ta hana shi. Ya ce ta wajen Lado ce, a kira ta. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Da yamma Ya'u ya zo da takardun ya ga ba haka ba ne, Ɗanjummai ya ce magana ta riga ta fita, ba zai koma ya ce wa gari ya ƙwace daga marainiya ya ba tasa ba. Sai aka miƙa wa kowace takardar 'yar uwarta.

Jama'a, Baiwa ba ta yi ihu ba. Ni da nake ba ku labarin na so ta yi, ko ta samu sauƙi. Zama kawai ta yi daɓas a ƙasa, kunnenta na wani irin ƙara. Duk daren da ta kwana tana tuhumar kanta, duk ranar da ta ji kunyar haɗuwa da malamansu a kasuwa ta canza hanya, duk hoton da Firdausi ta turo sanye da farar riga ta kalla ta shiga bayan gida ta yi kuka, ashe rigarta ce a jikin wata.

Ta dubi bayan Inna.

"Inna, ke ma kin sani?"

Inna ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tura kara a wutar da tuni ta kama, kafaɗunta na rawa. Ita ma ai 'yar farin ce tsakaninsu, ko a wancan lokacin ba ta da bakin da za ta tsaya mata.

Baba ya yi gyaran murya. Har yanzu katanga yake kallo. Ya ce shi bai yi don ƙi ba. Ya ce ya ɗauka ita mai ƙoƙari ce, in ta sake zaunawa za ta sake ci, ita kuwa waccan in wannan ta wuce ta ba ta da wata. Ya yi niyyar biya mata ta sake, sai ga tashin hankali, aka bar gona, aka rasa shanun huɗa, abinci ma ya zama aiki.

"Baba, ka ce na faɗi," ta ce.  "Da ka ce min na ci amma ka ba ƙanwata, wallahi da na haƙura, da na riƙa tafiya da kaina a sama. Ka bar ni ina ganin kaina daƙiƙiya."



Kawu Ya'u ya ga abin na neman ƙwacewa, sai ya sauke dariyar ya fito da gaskiyar tsoronsa. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu gaba za a duba. In ba a kai takardar rantsuwar nan ba, jami'a za ta ce Firdausi da sakamakon wani ta yi karatu. Ba aji uku ba, ko ƙofar ba za ta ƙara shiga ba, duk wahalar Sudan ta tashi a banza, in an yi rashin sa'a har hukuma ta shigo ciki, shi ma aikinsa ya tafi. Ita kuwa Baiwa me za ta rasa? Takardar da ba ta taɓa sanin tata ce ba.

Wannan maganar ce ta tashe ta tsaye. Ta san abin da za ta rasa. In ta dafa ta ce ba nata ba ne, to har abada ba nata ba ne, ta mutu a matsayin wadda ta faɗi.

Ta taka har bakin ƙofar ɗakin, ta tsaya a kan Firdausi. Ƙamshin turaren nan ya doke ta, ta ji kamar ta shaƙe ta.

"Ke fa, Likita? Yaushe kika sani?"

Firdausi ta ɗago, fuskarta sharkaf.

"Tun ranar."

"Tun ranar?"

"Na san abin da na rubuta a jarrabawa, Yaya. Fiziks rabin takardar na bari fari. Da Kawu ya miƙo min na ga makin na san ba nawa ba ne."

"Ni na yi miki kitson tafiya," Baiwa ta ce. "Ni na ɗinke miki jaka. Kika kwanta a cinyata ina kitsa ki ina kuka, kina ce min in yi haƙuri, kowa da rabonsa."

Firdausi ta fashe da kuka, ta ce tsoro ta ji, ta ce kullum tana niyyar faɗa bakinta ya kasa. Da a nan ta tsaya, da watakila zuciyar Baiwa ta yi laushi, don Baiwa akwai saurin tausayi. Amma sai ta share hawaye ta ƙara da abin da ke ranta. Ta ce shekarar farko sau biyu tana faɗuwa, ta riƙa kwana a kan littafi har idonta ya lalace ta koma sa tabarau. Ta koyi Larabci daga baƙi. Ta kwana a ƙarƙashin gado harsashi na wucewa, ta kwana a rairayin bakin iyaka ba ruwa.

"Takardar taki ce, ban musa ba. Amma shekara huɗun nawa ne, Yaya. Ni na yi su, ba ke ba."

 Har Kaka sai da ta nemi turmi ta zauna, don maganar ba ƙarya ba ce, kuma shi ya sa ta fi zafi. Baiwa ta ji kishin da take ɓoyewa tun dawowar yarinyar nan ya taso mata gaba ɗaya har wuya. Wato ko wahalar ma an riga ta. Ita da za ta je ba za ta faɗi ko sau ɗaya ba, ta sani, kuma ba wanda zai taɓa ganin haka.

Ta juya ta shige ɗaki. Aka ji ƙarar jan akwati. Can ta fito sanye da hijabinta na zuwa aiki, katin shaidarta a hannu, idonta a bushe.

"Kawu, ta da babur."

Ya'u ya miƙe zumbur yana hamdala, yana cewa ai ya san ɗiyar albarka ce. Firdausi ta rarrafo ta riƙe ƙafarta tana godiya, tana rantsuwar in ta gama ita za ta ɗauki nauyin karatunta. Kaka ta ce, "Takwara, kada ki yi." Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, karon farko ya ɗauke ido daga katanga.

Baiwa ta zare ƙafarta daga hannun Firdausi a hankali.

"Ba kotu za mu ba. Jami'ar za ka kai ni. Tunda fuskata suka gani a na'ura, gara su gan ta a fili. In ba za ka kai ni ba, tasha ba nisa."

Ya'u ya tsaya da makulli a hannu, baki buɗe. Ta wuce shi ta nufi zaure, ba ta waiwaya ba duk da kukan da Firdausi ta ƙwala a bayanta.

Ba ta san Baba na da sauran sauri haka ba. Kafin ta kai ƙofar waje ya sha gabanta. Ta tsaya tana jiran tsawa, ko mari, ko ya ce bai yafe ba, duk ta shirya musu. Bai yi ko ɗaya ba. Dattijon ya cire hularsa, furfurarsa a waje, ya ajiye ta a ƙasa a gaban silifas ɗinta. Sannan ya dafa bango, gwiwoyinsa na ƙara, ya durƙusa mata a cikin zauren, ƙofa a buɗe, masu wucewa kasuwa suna kallo.

Hanyar fita ɗaya ce, kuma sai ta tsallake hular ubanta.

Baiwa ta ɗaga ƙafa.